Tura Waƙa da Haƙƙin Mai Waƙa: Ina Muka Tsaya?

(Jawabin da kwamitin wayar da kai kan haƙƙoƙi ya gabatar a taron wata-wata na ƙungiyarmu. Mun buga shi ne domin amfanin magidantan da ba su samu halarta ba.)



Mai girma Sarkin Hausawa, shugaban taro, iyayenmu dattawa, malamanmu, shugabannin kasuwa, iyayenmu mata, samari da 'yan mata, muna yi wa kowa barka da zuwa, da fatan an baro gida lafiya.

Bisa al'ada, idan kwamitinmu ya miƙe a wannan zaure kowa ya san abin da zai ji: rusau a kasuwa, ƙarin kuɗin haya ba tare da sanarwa ba, kamun 'yan acaba, ko yaranmu da aka hana gurbin karatu saboda takardar shaidar asali. Yau kuwa maganar waƙa muka zo da ita. Mun san wani dattijo zai ce a ransa, ina ruwanmu da waƙa, mu da muka baro gida neman abinci? To, a yi mana haƙuri a saurara.

Watannin baya aka kama wani yaro daga cikin yaranmu, mai rumfar cajin waya da tura waƙoƙi da fina-finai a bakin kasuwa. An tafi da shi, an tafi da kwamfutarsa wadda ya saya da kuɗin adashen shekara guda. Kwana biyu muna kai da komo kafin a sake shi. Da ya fito, abin da ya fara tambayarmu shi ne: "Baba, ni fa me na sata? Kwamfutar tawa ce, memorin na mai saye ne, waƙar kuma tana nan a hannun mai ita." Babu wanda ya iya ba shi gamsasshiyar amsa a ranar. Wannan tambaya tasa ita muka zo mu amsa yau, domin ba shi kaɗai ke yin ta ba. Manyan ƙasashen duniya sun shafe fiye da shekara 20 suna ja-in-ja a kanta.

INDA RIGIMAR TA SAMO ASALI

Kwafar waƙa ba yau ta fara ba. Duk wanda ya haura shekara 40 a cikinmu ya tuna zamanin kaset, lokacin da mutum zai je shagon mai rikodin ya ce a ɗaukar masa Shata a gefe ɗaya, Ɗanƙwairo a ɗaya gefen. Amma kaset yana da iyaka. Sai an saye shi, sai an jira ana ɗauka, kuma duk lokacin da aka kwafa daga kwafi murya na ƙara dushewa.

Abin da ya sauya komai shi ne wata dabara da masana a cibiyar Fraunhofer ta ƙasar Jamus suka jagoranci samarwa, wadda aka raɗa wa suna MP3 a 1995. Da ita ana matse waƙa ta koma kusan kashi ɗaya cikin goma na girmanta, kunne bai ji wani bambanci sosai ba. Kuma ko sau dubu aka kwafa, ta dubun daidai take da ta farko.

A 1999 wani ɗalibi a birnin Boston na Amurka, mai suna Shawn Fanning, ya fito da wata manhaja da ya kira Napster. Aikinta irin na dillali ne. Ba ta ajiye waƙa a wurinta. Tana riƙe da jerin waƙoƙin da ke cikin kwamfutocin jama'a ne kawai, idan ka nemi waƙa sai ta nuna maka wanda yake da ita, ka ɗebo daga wurinsa kyauta. Kafin shekara biyu miliyoyin mutane sun shiga. Ƙungiyar kamfanonin faifai ta Amurka, RIAA, ta kai ƙara a Disamba 1999. Mawaƙan Metallica su ma suka shigar da tasu a Afrilu 2000. A Yuli 2001 Napster ta rufe. Sai dai an kashe maciji ne ba a sare kansa ba, domin nan take Kazaa da LimeWire da ire-irensu suka maye gurbi.

ABIN DA KOWANE ƁANGARE YA CE

Masu tura waƙa sun kawo hujjoji, kuma ba duka ne na banza ba. Suka ce sata ita ce ka ɗauke abu mai shi ya rasa, alhali wanda aka kwafi waƙarsa bai rasa ta ba. Suka ce kamfanoni sun daɗe suna tilasta wa mutum ya sayi faifai guda saboda waƙa ɗaya ko biyu da yake so. Suka ce akasarin kuɗin faifan ma ba ya kai wa ga mawaƙi, a aljihun kamfani yake tsayawa. Suka ƙara da cewa yaɗuwar waƙa talla ce, wanda ya ji ya so shi zai zo kallon wasa. Har wasu masana tattalin arziki biyu, Oberholzer-Gee da Strumpf, suka wallafa bincike a 2007 suna cewa ba su ga tura waƙa ya rage ciniki ƙwarai ba, ko da yake wasu masanan sun yi ta musanta sakamakon nasu.

Masu waƙa da kamfanoni kuwa suka ce gaskiya ne waƙar tana nan, amma kasuwarta ce aka ɗauke. Manomin da aka bar masa gonarsa, amma aka riƙa raba irin hatsinsa kyauta a ƙofar kasuwa, ai bai tsira ba. Suka ce bayan mawaƙin da ake gani akwai wanda ya rubuta, da wanda ya kaɗa, da wanda ya tace murya, kuma waɗannan ba a gayyatarsu wasa. Lissafi ma ya taimaka musu: daga 1999 zuwa 2014 kuɗin da ake samu daga sayar da waƙoƙi a Amurka ya ragu da kusan rabi.

MAGUNGUNA UKU DA AKA GWADA

Na farko shi ne kotu. A Satumba 2003 RIAA ta juya kan ɗaiɗaikun mutane, ta maka mutum 261 a kotu lokaci guda. A cikinsu har da wata yarinya 'yar shekara 12 a birnin New York, wadda sai da mahaifiyarta ta biya dala 2,000 aka rufe magana. Wata mata a jihar Minnesota, a 2007 kotu ta ce ta biya dala 222,000 saboda waƙoƙi 24. Kafin a dakatar da wannan kamfe a ƙarshen 2008 an bi mutum fiye da 30,000. An tsorata wasu, an talauta wasu, amma tura waƙa bai tsaya ba, sai ma baƙin jini da kamfanonin suka jawo wa kansu.

Na biyu shi ne makulli. Aka riƙa saka wa faifai da waƙoƙin intanet wani kulle da ke hana kwafa, ko ya ƙayyade na'urorin da za a saurara a kai. Tun 1998 Amurka ta yi doka mai hukunta wanda ya karya irin wannan kulle. To amma wa kullen ya dama? Wanda ya biya kuɗinsa. Shi ne faifansa ke ƙin kunnuwa a wata na'ura, alhali wanda ya ɗebo kyauta yana sauraro a duk inda ya ga dama. Abin ya kai maƙura a 2005, lokacin da wani masanin kwamfuta, Mark Russinovich, ya gano cewa wasu faifan kamfanin Sony BMG suna dasa ɓoyayyar manhaja a kwamfutar mai saye ba da saninsa ba, wadda ke iya buɗe ƙofa ga masu kutse. Dole kamfanin ya janye miliyoyin faifai, ya kuma fuskanci ƙararraki. A 2007 shugaban Apple na lokacin, Steve Jobs, ya fito fili ya nemi kamfanoni su bar kullen, a 2009 kuma aka cire shi daga waƙoƙin da shagon iTunes ke sayarwa.

Na uku shi ne sauƙi da araha, kuma shi ne ya fi aiki. A Afrilu 2003 iTunes ya fara sayar da waƙa ɗaya a kan santi 99, cikin mako guda aka sayi kimanin miliyan ɗaya. A 2008 Spotify ya fara aiki daga ƙasar Suwidin, inda mutum ke biyan kuɗin wata, ko ya jure talla, ya saurari abin da yake so. Zuwa 2023 kusan kashi biyu cikin uku na kuɗin da ake samu daga waƙoƙin da aka naɗa a duniya ta wannan hanya yake fitowa. Ba mu ce rigima ta ƙare ba. Mawaƙa da yawa suna kukan abin da ke zuwa hannunsu bai taka kara ya karya ba, kuma kullen ya dawo ta bayan gida, tunda ranar da ka daina biya waƙoƙin da ka ajiye a manhajar sun daina kunnuwa. Amma darasin a fili yake: mutane da yawa sun bar hanyar banza ne da suka sami hanyar halas wadda ba ta fi ƙarfinsu ba.

YADDA ABIN YA SAME MU A NAN

A ƙasarmu rigimar ba ta bi ta Napster ba, domin a lokacin intanet ba ta kai ga talaka ba. Ta kasuwa ta bi. Wanda ya zauna Legas a shekarun 2000 ya san matsayin kasuwar Alaba da ke Ojo a harkar faifai. Daga can kaya ke fita zuwa Onica da Aba da Kano, na halas da na jabu a haɗe. Mawaƙa da dama sun gwammace su sayar wa dillalan faifai aikinsu a dunƙule su karɓi abin da ya samu, da su zauna suna kallo ana buga shi ba ko sisi. Gwamnatin Obasanjo ta ƙaddamar da shirin yaƙi da satar fasaha mai suna STRAP a 2005. A 2009 mawaƙa suka yi yajin cin abinci a Legas, suka kuma nemi gidajen rediyo su dakatar da saka kiɗa ranar 1 ga Satumba don jawo hankalin hukuma.

A gida Arewa kuwa kasuwar Ƙofar Wambai a Kano ita ce cibiyar kaset. Wani masani, Brian Larkin, wanda ya yi bincike a Kano, ya nuna cewa injinan kwafa da hanyoyin rarrabawa da aka kafa don fina-finan Indiya da na Turai, su ne daga baya fina-finan Hausa suka hau suka bunƙasa. Kuma kowa a nan ya san waƙoƙin fim ɗinmu nawa aka ɗora a kan karin waƙoƙin Indiya ba tare da an nemi izinin kowa ba. Idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Amma da wayar salula da memori suka yawaita, masu tura fim suka cika kowane lungu, sai kasuwar faifai ta durƙushe a shekarun 2010. Shaguna suka rufe, masu shirya fim da yawa suka karye, waɗanda suka rage suka koma gidajen talabijin irin su Arewa24 da kuma YouTube.

Akwai dalilin da ya sa mu Hausawa ba mu ɗauki tura waƙa laifi ba, kuma ya kamata mu faɗe shi. Makaɗinmu na gargajiya ba da sayar da faifai ya rayu ba. Ubangida ne ke ba shi riga da doki da kujerar Makka, jama'a kuma su yi masa liƙi a wurin biki. A irin wannan tsari, wanda ya yaɗa waƙarka ya yi maka alheri, domin suna shi ne jari. Har yau akwai mawaƙan da da kansu suke kai sabuwar waƙa wurin masu turawa don ta zaga gari. Sai dai ba kowa ne ke cikin wannan sahu ba. Wanda ya ci bashi ya shirya fim, ba a gayyatarsa biki ya mayar da kuɗinsa. Marubuciyar da aka ɗauki hoton littafinta aka watsa a WhatsApp, ba mai yi mata liƙi. Ɗan amshi da mai kiɗan fiyano sau ɗaya ake sallamarsu. Su ne kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Mu kuma mazauna Kurmi mun fi kowa shiga tsakiyar wannan al'amari. Kewar gida ta sa mun fi kowa buƙatar waƙar Hausa da fim ɗin Hausa, da su muke riƙe harshe a bakin 'ya'yanmu. Sannan yaranmu da yawa daga wannan sana'a suke ci. Idan aka fito samame, mai injin buga faifai dubu-dubu yana da lauya, yana da wanda zai tsegunta masa. Yaronmu mai tebur da laima shi ake samu a fili, kuma sau da yawa ba ya jin Turanci balle ya kare kansa.

Ga wanda zai ce shi ba ya sauraron kiɗa, maganar ta shafi ƙasidu da littattafai da karatun malamai da aka naɗa. Majalisar Fiƙihu ta ƙasashen Musulmi, a zamanta na 5 a Kuwait cikin Disamba 1988, ta yanke cewa haƙƙin wallafa da na ƙirƙira haƙƙoƙi ne da shari'a ta kare, bai halatta a keta su ba. Akwai malaman da suka sassauta a kan abin da ya shafi yaɗa ilimin addini, akwai kuma malaman da da bakinsu suka ce a yaɗa karatunsu kyauta. Wannan fage na malamanmu ne, ga su nan zaune, mun bar musu.

ABIN DA DOKAR NAJERIYA TA CE

Dokar da ke aiki yanzu ita ce Dokar Haƙƙin Mallaka ta 2022, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sanya wa hannu a Maris 2023. Ta maye gurbin ta 1988. Hukumar Kare Haƙƙin Mallaka ta Najeriya, wato NCC, ita ke kula da ita, kuma Babbar Kotun Tarayya ce ke sauraron shari'o'inta. Ga abubuwan da ya kamata kowane magidanci ya riƙe:

1. Haƙƙi yana tabbata ne da zarar an rubuta ko an naɗi aiki. Ba sai an yi rajista ba. Rashin ganin tambari a kan waƙa ba ya nufin ba ta da mai ita.

2. Haƙƙin waƙa da na littafi yana nan tsawon rayuwar mai shi, da shekara 70 bayan shekarar rasuwarsa. Alhaji Mamman Shata ya rasu a 1999, ke nan bisa wannan lissafi waƙoƙinsa suna da masu su har ƙarshen 2069. Na sautin da aka naɗa da na fim kuwa shekara 50 ne daga fitowarsu. Haƙƙin mallaka dukiya ce, ana gadonsa kamar gida da gona.

3. Doka ta bambanta amfanin kai da kasuwanci. Ta yi sassauci ga amfanin mutum na kashin kansa, da nazari, da sharhi, da ba da labari, matuƙar an yi adalci ga mai aikin. Wanda ya mayar da faifan da ya saya cikin wayarsa don ya saurara ba daidai yake da wanda ya buɗe rumfa yana karɓar kuɗi ba.

4. Sayar da kwafin da ba a ba da izini ba, ko ba da hayarsa, ko ajiye shi don ciniki, laifi ne. A tsohuwar doka tarar mai sayarwa Naira 100 ce a kan kowane kwafi. A sabuwar ta koma aƙalla Naira 10,000 a kan kowane kwafi, ko ɗaurin shekaru, ko duka biyun. Kowa ya ƙiyasta waƙa da fim nawa ke cikin kwamfuta guda.

5. Sabuwar dokar ta shiga intanet. Ɗora aikin wani a intanet don samun kuɗi ba da izini ba laifi ne, mai aiki yana da damar neman a sauke shi, kuma karya kullen da aka saka wa aiki shi ma an hana.

6. Wanda ake tuhuma yana iya kare kansa idan ya gamsar da kotu cewa bai sani ba, kuma ba shi da dalilin zaton kayan na jabu ne. A nan rasit da takardar izini suke da rana.

7. Izinin baki yana aiki a doka idan ba na mutum ɗaya shi kaɗai ba ne, amma tabbatar da shi a gaban alƙali yana da wuya. Sayar da haƙƙi gaba ɗaya kuwa, ko ba wa mutum ɗaya izini shi kaɗai, ba ya inganta sai a rubuce.

IDAN AN KAMA ƊANKA

Yin laifi ba ya zubar da haƙƙin ɗan ƙasa, balle wanda ake zargi kawai. Jami'an NCC suna da iko irin na 'yan sanda wajen bincike da kamu, don haka kada a yi musu gardama, kada a taru a kansu. Amma a nemi ganin katin shaida cikin ladabi, domin akwai 'yan damfara da ke fakewa da sunan hukuma suna karɓar kuɗi a kasuwanni.

Sashe na 35 na tsarin mulkin 1999 ya ba wanda aka kama damar yin shiru har sai ya gana da lauya ko wani da ya zaɓa. Ya wajabta a sanar da shi dalilin kamun a rubuce cikin awa 24, da harshen da yake ji. Ya ce a kai shi kotu cikin kwana ɗaya idan akwai kotun da ta dace a tazarar kilomita 40, in babu cikin kwana biyu. Sashe na 36 ya ba shi tafinta kyauta a kotu. Dokar gudanar da shari'ar laifuka ta 2015 ta hana kama wani a madadin wani, saboda haka ba a tafiya da uba ko mata don ba a sami yaro ba. Ta kuma ce a rubuta jerin kayan da aka karɓe, a ba mai su kwafi. Kada yaro ya sa hannu ko ya dangwala a takardar da ba a fassara masa ba. Beli a ofishin 'yan sanda kyauta ne. Wanda ba shi da halin ɗaukar lauya, akwai Hukumar Ba da Agajin Shari'a ta tarayya. Kuma a sanar da kwamitinmu tun a sa'ar farko, kada a bari sai an kwana.

ABIN DA MUKE KIRA A YI

Ga masu rumfunan tura waƙa, ba mu ce ku bar sana'a ku zauna ba, domin mun san bakuna nawa ke jiranku a gida. Muna cewa ku gyara ta. Ku haɗa kanku ku yi shugabanci, ku nemi masu fim da mawaƙa ko wakilansu, a yi yarjejeniya a rubuce kan abin da za ku riƙa biya. Wanda ya ba ku waƙa don ku yaɗa, ku ce ya rubuto, ko da saƙon waya ne, ku adana. Sabon fim da mai shi bai saki ba, ku nisance shi. Ku kuma faɗaɗa zuwa gyaran waya da sayar da kayanta, domin ita kanta sana'ar turawa tana ja da baya yayin da mutane ke kallo kai tsaye a wayoyinsu.

Ga 'ya'yanmu masu waƙa da rubutu da shirya fim, kada zumuɗin fita ya sa ku sayar da aikin shekara a kan kuɗin kati. Kafin a shiga sitidiyo a rubuta wa ke da me. Ku ajiye asalin aikinku da kwanan wata. Ku buɗe shafi da sunanku a YouTube ko Boomplay ko Audiomack tun kafin wani ya buɗe da sunan naku.

Ga iyaye, mu riƙa duba abin da ake loda wa yaranmu a memori, domin wanda ya biya kuɗin waƙa goma ba ya sanin abin da aka haɗa masa da shi. Idan da hali, mu kalli fim a shafin mai shi, mu sayi littafi daga hannun marubuci. Kallon da ka yi a shafin mai fim bai ƙara maka ko kwabo a kan data ba, amma shi ya amfana.

Ga hukuma kuwa, muna roƙon a fara da wayar da kai da harsunan da 'yan kasuwa ke ji, a kuma bi manyan masu bugawa kafin a zo kan mai tebur. Kamfanonin faifai na Amurka da duk ƙarfinsu sun gwada bin ƙananan mutane shekara biyar, ba su ci riba ba.

Yanzu mu koma ga tambayar yaronmu. Amsar da muka ba shi daga baya ita ce: ba ka ɗauke waƙar ba, gaskiya ne, amma ka karɓi kuɗi a kan gumin wani ba da yardarsa ba. Mu da muke taruwa a nan duk wata muna kukan an danne mana haƙƙi saboda mu baƙi ne, muna kukan ɗan kwangila ya cinye wa leburanmu ladan aiki, bai dace a same mu da cin na wani ba. Wanda ke neman a ba shi nasa, ya fara da sakin na mutane. Yaron ya koma rumfarsa, kuma a yau yana cikin masu ƙoƙarin haɗa kan abokan sana'arsa.

Kwamitinmu zai zauna da masu rumfuna bayan sallar La'asar ranar Lahadi mai zuwa a ofishin ƙungiya, domin a tsara samfurin takardar izini da Hausa da Turanci. Duk mai ɗa ko ƙane a wannan sana'a ya turo shi.

Abin da muka faɗa daidai Allah Ya amfanar da mu, inda muka yi kuskure a gyara mana. Allah Ya ba mu zaman lafiya da masu masaukinmu, Ya sa albarka a nemanmu, Ya mai da kowa gidansa lafiya.